Makarantar Gwamnati, Allin Iyaye

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Garwa ta nufi Ngaundare, ko ya ratse wajen Lagdo da Bibemi, zai riƙa cin karo da allunan makarantu a bakin hanya, an rubuta cewa wannan makarantar firamare ce ta gwamnati. In ya tsaya ya leƙa ciki, abin da zai tarar sau da yawa shi ne aji biyu ko uku na siminti da rufin kwano, sai waɗansu na zana da karan dawa a gefe. Na simintin gwamnati ce ta gina, ko ofishin magajin gari. Na zanar kuwa iyayen yara ne suka kafa, kuma su ne za su sake kafawa baɗi idan iskar farkon damina ta kwashe. Malaman ma haka suke kashi biyu. Darakta da wataƙila mutum ɗaya ko biyu ne ke cin albashin Yawunde, sauran ana kiransu malaman iyaye, domin daga aljihun manoman ƙauyen ake haɗa musu ɗan abin da za su karɓa a ƙarshen wata.

A aikina na gabatar da shirye-shirye a rediyo, watan Satumba ba ya wucewa sai masu sauraro sun bugo waya da tambaya iri ɗaya: ashe ba an ce firamare kyauta ce ba, to kuɗin APE ɗin nan na mene ne? APE dai ita ce ƙungiyar iyayen yara, kamar yadda ake taƙaita sunanta da Faransanci. Minti biyun da nake da su a kan iska ba sa isa a ba da amsa, don tambayar tana jan tarihin da ya haura shekara ɗari.

Sai mu fara da abin da Bature ya tarar. Garwa tana cikin Fombina, ƙasar da Modibbo Adama ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19. Malaman Fulani da fataken Hausawa da Barebari sun zauna a garuruwan ƙasar da makarantunsu na allo, kuma makarantar allo ba ta taɓa sanin sufeto ko baitulmali ba. Malam yana zaurensa. Yara su kawo kuɗin Laraba, su ɗebo itacen wutar karatun dare, da damina su taya shi noma, da kaka a kai masa zakkar hatsi, ranar saukar karatu kuma uban yaro ya yi abin da ƙarfinsa ya kai. In uba ya ga karatun ɗansa ba ya gaba, sai ya ɗauke shi ya kai wa wani malamin, ba wanda zai nemi izininsa. Wato mai biya shi ne mai faɗa a ji. Sauran al'ummun yankin, irin su Tupuri da Mundang da Fali da Mafa, su ma suna da hanyoyinsu na horar da samari, a hannun dattawansu. Na kawo wannan ne don mai karatu ya riƙe a ransa cewa mutanen nan sun iya riƙe makaranta tun kafin a zo musu da wata doka a kan haka.

Jamusawa sun ci Garwa da yaƙi a 1901, suka ci Marwa a farkon 1902. A 1906 suka buɗe makarantar gwamnati a Garwa, ita ce ta farko a duk arewacin ƙasar. Manufarsu ba a ɓoye take ba: suna son 'ya'yan sarakuna su zama tafintoci da akawuna. Sun bar lamidai a kan kujerunsu suna mulki ta hannunsu, sun kuma taka wa 'yan mishan birki kada su shiga ƙasar Musulmi, kamar yadda Lugga ya yi a Arewacin Najeriya. Zamaninsu bai yi tsawo ba. A watan Yuni na 1915 sojojin Ingila da Faransa suka karɓe Garwa, daga nan ƙasar ta faɗa hannun Faransa.

A 1921 kwamishinan Faransa, Jules Carde, ya tsara ilimin ƙasar hawa uku: makarantun ƙauye, makarantun yanki, sai babbar makaranta a Yawunde, kuma da Faransanci kaɗai za a yi karatu. Tsarin a takarda ke nan. Yadda ake samo ɗaliban shi ne labarin. Kwamanda zai aika wa lamido cewa yana son yara kaza. Lamido ya raba adadin ga lawanai, lawanai su raba wa jaurawa, dogarai su shiga ƙauyuka. Tamkar dai yadda ake tara haraji ko ma'aikatan hanya. Masu sarauta da masu dukiya suka riƙa ɓoye 'ya'yan cikinsu, suna tura 'ya'yan bayi da na barori da na ƙabilun da ke ƙarƙashinsu. Talakan da aka kama ɗansa kuwa, in yana da akuya ko ɗan maraƙi, ya san inda zai kai don a sako masa shi. Ɗakunan karatun ma mutanen gari ne ke kwaɓa ƙasa su gina, su yanko ciyawar rufi, ƙarƙashin aikin tilas da ba a soke shi ba sai 1946. Saboda haka idan ana maganar sa hannun jama'a a makarantar boko a ƙasar nan, hannun farko da suka sa an murɗe shi ne aka ɗora. Har gobe akwai tsofaffin da in ka ce musu makaranta taku ce, sai su yi maka wani irin kallo, kuma ban ga laifinsu ba.

Abin da ya biyo baya kowa ya san shi. Yaran da aka tura don a fanshi 'ya'yan gata su ne suka dawo da alƙalami a hannu. Ahmadu Ahijo, wanda aka haifa a Garwa a 1924, ba a fadar lamido ya tashi ba, mahaifiyarsa ce ta rene shi. Ya yi makarantar allo, ya shiga makarantar yanki ta Garwa a 1932, ya wuce Yawunde, ya zama ma'aikacin wayar iska a gidan waya, sannan a 1960 ya zama shugaban ƙasa.

Akwai wata hanya ta biyu da boko ya bi ya shigo, kuma a ganina ita ce ta haifi abin da muke gani yau. 'Yan mishan na Lutheran daga Amurka da Norway sun samu shiga a shekarun 1920, a wajen Ngaundare da Yagwa. A 1946 limaman Katolika na ƙungiyar Oblat suka iso ƙarƙashin Yves Plumey, wanda ya zama bishop na Garwa. A 1959 wani limami ɗan kudancin Kamaru, Simon Mpeke, da aka fi sani da Baba Simon, ya tare a Tokombere cikin mutanen duwatsun Mandara. Su waɗannan ba su da dogarai, ba su kuma da kuɗin gwamnati mai yawa. Sai suka ce wa ƙauye: ku kafa rumfa, ku ba malami wurin kwana da hatsi, mu za mu turo shi. Ƙauyukan da ba na Musulmi ba, waɗanda suka daɗe a ƙarƙashin lamidai, suka hango cewa takarda ce za ta ba 'ya'yansu bakin magana a gaban hukuma. Suka kafa rumfunan. A ɗaya ɓangaren kuma, ganin boko a hannun mishan ya ƙara wa Musulmin birni ƙyamarsa. Don maganin wannan ne gwamnatin Ahijo ta goyi bayan makarantun da ke haɗa Faransanci da Larabci tun daga 1963.

Shekaru ashirin da 'yan kai na mulkin Ahijo su ne lokacin da gwamnati ta zama uwa ta zama uba. Ita ke gini, ita ke horar da malamai, ita ke turo su, galibi daga kudu, ita ke biyansu a kan kari. An kafa tsarin raba guraben aikin gwamnati tsakanin larduna don Arewa ta kamo Kudu. Jam'iyya ɗaya ce, ba a saba tambayar talaka ra'ayinsa a kan komai ba, balle a kan makaranta. Wata doka ta ministoci ta 1979 ta amince da ƙungiyoyin iyayen yara, amma matsayin da ta ba su na 'yan taya aiki ne a gefen aji: gyaran benci, bikin ƙarshen shekara, wasanni da makamantansu. A idon mutanen birni makaranta ta zama kamar asibiti ko gadar Binuwai, kayan gwamnati, in ta lalace mai ita ya gyara.

Amma a daidai wannan lokacin wani abu yana faruwa a dajin kudu da gabashin Garwa. A 1974 aka kafa kamfanin auduga na Sodecoton, hedkwatarsa a Garwa. A shekarun nan ne kuma gwamnati ta fara shirin kwaso manoma daga yankunan da suka cika maƙil a can ƙuryar Arewa, tana zaunar da su a kwarin Binuwai inda ƙasa ke kwance ba mai nomawa. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya ƙara koro mutane, madatsar ruwan Lagdo da aka gama a 1982 ta jawo masunta. Tupuri da Mafa da Giziga da Mundang da Masa suka yi ta kwararowa, waɗansu a motocin shirin, mafi yawa da ƙafarsu. Ƙauyuka suka tsiro a wajen Ngong da Lagdo da Bibemi har zuwa Tuboro, da saurin da taswirar ma'aikatar ilimi ba ta iya bi.

Yawancin baƙin nan sun san makarantar rumfa tun daga gida. Ga yadda abin yake tafiya, kamar yadda na sha ji daga bakin waɗanda suka yi shi. Magidanta za su zauna gindin bishiya bayan kaka, su ƙirga yaran da suka isa karatu. A nemi jauro ya ba da fili. Kowane gida ya kawo zana da itacen dirka. A shafa wa wani falle na katako baƙi ya zama allo, kututturan itace su zama benci. Sai a dubo wani saurayi a cikinsu wanda ya taɓa sakandare ya dawo gida, a ce masa kai ne malam. A yanka wa kowane yaro abin da ubansa zai biya, da kuɗi ko da kwanon dawa.

Abin da ya ba wannan tsari ƙashin baya shi ne auduga. Sodecoton ya tara manoma cikin ƙungiyoyin ƙauye, ya miƙa musu aikin awon auduga da rabon taki da iri a kan bashi, yana biyan ƙungiyar lada gwargwadon nauyin da ta tara. Wannan lada ba ta mutum ɗaya ba ce, asusun gari ce. Da ita ƙauyuka da yawa suka haƙa rijiya, suka gina rumbun ajiya, suka sa wa aji kwano, suka biya malami. Kuma a wurin awon nan manomi ya ga amfanin karatu da idonsa, domin wanda ya iya karanta sikeli da takardar bashi ba a cika yi masa ƙwange ba. Bayan makarantar ta yi 'yan shekaru tana tafiya, sai a rubuta takardar roƙo, a bi ta hannun sufeton ilimi da shugaban gunduma. In an dace, wata rana sunan ƙauyen ya fito a jerin makarantun da minista ya “ƙirƙira”. Kalmar da ake amfani da ita ke nan, kuma takan ba ni dariya, don abin da aka ƙirƙira ɗin ya shekara biyar yana karantar da yara. Abin da gwamnati ke turowa da farko shi ne darakta guda da hatimi. Sauran ajujuwan suna nan a wuyan iyaye, sai dai yanzu allon bakin hanya ya ce ta gwamnati ce.

Da a ce tattalin arzikin ƙasa ya ci gaba kamar na shekarun 1970, wataƙila da sannu gwamnati ta karɓe nauyin duka. Sai farashin man fetur da koko da kofi da auduga ya faɗi daga 1986. A 1988 Kamaru ta shiga shirin tsuke bakin aljihu na Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Aka dakatar da ɗaukar ma'aikata, makarantun horon malaman firamare suka zauna a rufe shekaru da dama. A 1993 aka zaftare albashin ma'aikata sau biyu, a Janairu da Nuwamba, na biyun ya cinye wa mutane da yawa kusan rabin abin da suke karɓa. Kafin a farfaɗo, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Malamin da ke da iyali a Bafusam ko Ebolowa ya ga ba zai iya zama a Poli ko Cholire da wannan albashi ba. Waɗansu suka nemi canjin wurin aiki, waɗansu suka kama kasuwanci, sunansu na kan takarda amma aji babu kowa. Wanda ya yi ritaya ko ya rasu ba a maye gurbinsa. Abin da baƙin manoma suka fara don babu gwamnati a kusa, sai ya zama dole ga kowa, har cikin unguwannin Garwa da Marwa. Daga baya gwamnati ta fara ɗaukar malaman wucin gadi a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma giɓin ya riga ya yi faɗi.

Dokokin da suka zo bayan wannan sun tarar da abin a ƙasa ne suka sa masa suna. Tsarin mulkin 1996 ya wajabta karatun firamare, ya kuma ɗora wa gwamnati alhakin tsara ilimi. Dokar ilimi ta 14 ga Afrilun 1998 ta kawo batun al'ummar makaranta, wato malamai da iyaye da ɗalibai da ƙananan hukumomi da masu sana'o'i, duk a ce suna da hannu a tafiyar da ita. Ranar 10 ga Fabrairun 2000, a jawabin jajibirin bikin matasa, Shugaba Paul Biya ya sanar da soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati, wanda a lokacin sefa 1,500 ne a shekara. Ba Kamaru kaɗai ta yi haka ba. Malawi ta yi a 1994, Yuganda a 1997, ga taron ilimi na duniya a Dakar a Afrilun 2000, ga kuma maganar yafe bashi da ƙasar ke nema wurin masu ba da lamuni. Sai dokar shugaban ƙasa ta 19 ga Fabrairun 2001 ta kafa wa kowace firamare majalisar makaranta, mai wakilan da ba su wuce 18 ba: darakta, shugabannin ƙungiyar iyaye, wakilin magajin gari, wakilan malamai da na iyaye da na sarakunan gargajiya da sauransu. Ita ce za ta amince da kasafin kuɗin makaranta, ta sa ido a kan yadda ake kashe shi. Don cike gurbin kuɗin da aka soke, gwamnati ta yi alkawarin aiko wa kowace makaranta ƙunshin kayan aiki a farkon shekara: alli, rajista, takardu, alƙaluma da ɗan maganin gaggawa.

A takarda babu abin kushewa. A ƙasa kuwa, yara suka cika ajujuwa, abin farin ciki, amma ba a ƙaro malamai daidai da su ba. Ƙunshin kayan ya zama abin da kowace shekara jaridu ke ba da labarin makararsa, wani lokaci sai an ci zangon farko kafin ya iso. Darakta yana da yara ɗari a aji ɗaya, babu alli, babu malami. Ina zai dosa? Sai ƙungiyar iyaye. Kuɗin APE, wanda doka ta ce na ganin dama ne, ya hau kujerar kuɗin da aka soke, a wurare da yawa ma ya fi shi. Wanda bai biya ba a koro ɗansa gida, ko a riƙe masa takardar sakamako. To ka ji amsar tambayar masu bugo mini waya.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne rabon nauyin. Jihohin Arewa uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, tare da Gabas, su ne gwamnati da kanta ta ware a matsayin yankunan da suka fi buƙatar kulawa a fannin ilimi. Arewa da Arewa Mai Nisa kuma suna cikin jihohin da suka fi talauci a ƙididdigar da hukuma ke fitarwa. Amma a nan ne malaman iyaye suka fi yawa. Ma'aikacin da ke zaune a Yawunde gwamnati ce ke biyan malamin ɗansa, manomin da ke Mayo-Rey shi ke biyan nasa, bayan ya biya haraji irin na kowa. Ana kiran wannan sa hannun jama'a. Ni dai in mutum yana biya amma ba ya yanke shawara, sunan da na sani na abin shi ne jangali.

Maganar yanke shawarar ita ce ta kai ni ga majalisar makaranta. Na taɓa halartar babban taron iyaye a wata firamare a gefen gari. Iyaye sun cika aji, maza a gaba, mata kaɗan a bakin ƙofa. Aka karanta rahoton kuɗi da Faransanci, da sauri, aka tambaya ko akwai mai magana. Yawancin waɗanda ke zaune Fulatanci suke ji, waɗansu Hausa, waɗansu harsunansu na gida. Ba wanda ya ɗaga hannu. Aka yi tafi, aka wuce batun ƙarin kuɗin bana. Tun 1994 masu bincike biyu, Henry Tourneux da Olivier Iyébi-Mandjek, suka wallafa littafi a kan makarantun Marwa, inda suka nuna yadda Faransanci ya zama katanga tsakanin yaro da karatunsa. Katangar nan ba a bakin aji ta tsaya ba, ta raba uban yaron ma da littafin ma'aji. A makarantu da dama darakta ne ke nuna wanda zai zama shugaban iyaye, wani lokaci mutumin ma ba shi da ɗa a makarantar, ya kuma shekara goma a kan kujerar. Majalisar da dokar 2001 ta kafa kuwa, iyaye da yawa ba su taɓa jin sunanta ba.

Duk da haka akwai wuri ɗaya da ikon iyaye yake na gaske, shi ne a kan malamin da suke biya. Shi ɗan gari ne, ana ganinsa a kasuwa da coci ko masallaci, in ya yi fashi kwana biyu za a je har gida a tambaye shi. Malamin gwamnati kuwa ba mai iya taɓa shi sai ma'aikatarsa. Don haka sau da yawa wanda ya fi ƙarancin horo da ƙarancin albashi shi ne ya fi zama a aji. Waɗanda na zanta da su suna ambaton sefa dubu goma zuwa dubu talatin a wata, in an samu, kuma watannin hutu babu ko sisi. A ƙasar auduga ana buɗe makaranta a Satumba, alhali kuɗin auduga sai rani ya yi nisa yake shigowa, saboda haka malam yakan yi watanni yana cin bashi a shagon unguwa, ko a lallashe shi da buhun masara.

Gwamnati ta yi yunƙuri, ba za a hana ta wannan ba. A ƙarshen 2004 aka ware ma'aikatar ilimin firamare ta musamman, kuma mata biyu 'yan Arewa ne suka riƙe ta a jere, Haman Adama zuwa 2009, sannan Yusuf Hadija Alim zuwa farkon 2019. Bayan an yafe wa ƙasar bashi a 2006, aka ɗauki malamai fiye da dubu talatin aikin kwantiragi cikin 'yan shekaru, har da malaman iyaye. Sai dai sharaɗin shi ne takardar shaidar makarantar horon malamai, wadda saurayin ƙauyen da ya riƙe ajin shekara goma ba shi da ita. Waɗanda aka ɗauka aka turo Arewa kuma, da yawansu da zarar lambar albashi ta fito sai su fara neman hanyar komawa gida. A 2010 aka miƙa wa ƙananan hukumomi ginin ajujuwa da sayen ƙunshin kayan aiki, dokar 2019 ta ƙara faɗaɗa ikonsu. Magajin gari ya fi minista kusa, ana iya tare shi a wurin jana'iza a yi masa magana, wannan ci gaba ne. Amma kuɗin har yanzu daga Yawunde yake tasowa.

Maƙwabtanmu ma hanyar da suka bi ke nan. A Chadi malaman da iyaye ke biya sun daɗe da zama ginshiƙin firamare. Nijar ta kafa kwamitocin COGES, Najeriya ta kafa SBMC, duk a shekarun 2000, duk da shawarar masu ba da tallafi iri ɗaya.

Bari in taɓo namu, mu Hausawan birni, na Hausari da Yelwa da sauran unguwanni. Ba mu da rowa. In aka ce za a gina masallaci ko Islamiyya, kafin la'asar an tara abin mamaki, kuma za ka ga alhazai suna zagayawa suna duba aikin da kansu, irin riƙon da kakanninmu suka yi wa makarantar allo. Amma a kira taron iyaye a firamaren gwamnatin da ke bayan gidanmu, sai a aika yaro da kuɗin a ce a gaida darakta. Mai hali ya kwashe 'ya'yansa ya kai makarantar kuɗi, ya bar ta gwamnati ga 'ya'yan 'yan dako da masu tura ruwa, waɗanda ba su da bakin tambayar ma'aji lissafi. Tsohon kallon nan na cewa boko kayan Nasara ne ya ragu ƙwarai, amma ɗan'uwansa, cewa makarantar kayan gwamnati ce, yana nan daram. Manomin Tupuri da ya zo Ngong da jaka ɗaya a kafaɗa ya riga mu gane wannan da shekara arba'in.

Waɗanda suka fara sauya lissafin a 'yan shekarun nan mata ne. An kafa ƙungiyoyin uwayen ɗalibai a makarantu da dama na Arewa, da tallafin UNICEF da wasu ƙungiyoyi. Su ba su cika damuwa da kujerar shugabanci ba. Suna adashi, suna noma gonar haɗin gwiwa, suna sayen littafi da sabulu, kuma in yarinya ta daina zuwa aji su ne ke sallama a gidan su ji dalili, ko talla ce ko maganar aure. Uwa tana shiga inda darakta ba zai iya shiga ba. A can iyakar Arewa Mai Nisa kuma, tun daga 2014 da rikicin Boko Haram ya rufe makarantu da dama a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone-et-Chari, malaman gwamnati suka janye, garuruwan da suka karɓi 'yan gudun hijira sun koma wa zana da malamin iyaye, kamar yadda aka yi a kwarin Binuwai.

Akwai wani aiki kuma da ba a rubuta shi a dokar 1979 ko ta 2001 ba, amma ya faɗo kan iyaye da sarakuna. Yaro yana iya shiga aji ɗaya ba tare da takardar haihuwa ba, ya yi shekara shida, sai a ajin ƙarshe a ce ba zai zauna jarrabawar CEP ba sai da ita. A ƙauyukanmu da yawa a gida ake haihuwa, wa'adin yin rajista ya wuce ba a sani ba, kuma bayan nan sai an bi ta kotu, da shaidu da kuɗin mota da na takardu. Yanzu a wurare da dama shugabannin iyaye da jauro ne ke bi gida gida suna rubuta sunayen yaran, su kai wa magajin gari, a roƙi alƙali ya fito zaman kotu na tafi-da-gidanka a yi wa yara da yawa hukunci a rana ɗaya. Jarrabawar a watan Yuni ake yin ta, amma jerin sunayen masu zama tun watanni kafin nan ake rufe shi, kuma yaron da takardarsa ba ta fito a kan lokaci ba sai dai ya maimaita ajin, uban ya sake biyan kuɗin APE na wata shekara.